Ranar da I'inata Ta Hana Dattawa Cin Nama

Shekarun baya, wata ranar Talata, da ƙarfe goma da rabi na safe, na miƙe tsaye a rumfar ƙofar gidan samad ɗin ƙauyenmu, can yamma da Managil. Samad shi ne shugaban manoma, mai raba ruwan ban-gona. Waɗanda ke zaune a wurin su ne: samad da kansa, liman, baffana ƙanin mahaifina, manoman da muke shan ruwa daga hanya ɗaya da su, da abokina. A daidai lokacin aka shigo da wani babban tire a rufe, aka ajiye shi tsakiyar tabarma. Ku riƙe tiren nan a ranku, za mu dawo kansa. Ba na son labarin da aka faro daga tsakiya, saboda haka zan koma farko.

Na farko, ni mai i'ina ne. Da ita na tashi, kuma ba ƙarama ba ce. A ƙauyenmu kowa yana jin Hausa da Larabci, ni ma haka, sai dai i'inar ta bi ni cikin duka biyun. Idan kalma ta maƙale mini a Hausa nakan ruga Larabci, in tarar nan ma ƙofa a rufe. Gaisuwa ita ce babbar azabata. Gaisuwar Hausa doguwa ce, ta Larabawan nan ta fi ta tsawo, mu kuma duka muke yi, ɗaya bayan ɗaya. Kafin in gama tambayar mutum lafiyar iyalinsa, ya hau jakinsa ya kusa gada. In mahaifiyata ta aike ni kanti sayen sukari, wani lokaci da sabulu nake dawowa, don shi ne ke kusa da yatsana. Makaranta ban yi nisa ba. Malamin ba mugu ba ne, amma ya daina tambayata, ni kuma na daina zuwa, muka rabu lafiya.

Na biyu, hawasharmu. Hawasha ita ce gonar da manomi ke riƙe da ita a ƙasar ban-ruwa ta Jazira. Ruwa yana fitowa daga babbar hanya ya shiga ƙarama, wadda muke kira abu ishirin, gonaki kuma suna jere a bakinta. Tamu ce ta ƙarshe a jerin. Ruwa yakan iso mana a gajiye, bayan ya biya gonar kowa. Lokacin da mahaifina ke raye wannan bai zama matsala ba, don Allah ya ba shi murya. Yakan tsaya a bakin gonarmu ya yi magana, na can farkon jeri ya toshe bakin ruwansa ba tare da ya waiwayo ba. Da ya rasu ni ne babba, ban cika ashirin ba, na gaji gonar ban gaji muryar ba.

Na uku, baffana. Bayan an gama zaman makoki ya zo ya sami mahaifiyata, a gaban liman, ya ce hawasha ba da fartanya kaɗai ake riƙe ta ba, da baki ake riƙe ta. Ya ce a bar ni in gwada shekara guda. In gyaɗar ta yi, shi ke nan. In ta lalace, gonar ta koma hannunsa ya riƙa ciyar da mu, ni kuma in tafi Damazin yankan riɗi, inda ba a buƙatar mutum ya ce komai. Mahaifiyata ta amince, don ba ta da wata hanya. Ina so ku sani baffana ba azzalumi ba ne. Abin da ya yi imani da shi ya faɗa. Ni ma a lokacin rabin zuciyata tana bayansa.

A shekarar ruwan sama ya ɗauke da wuri, daidai lokacin da gyaɗa ta fara zuba 'ya'ya a ƙasa. Baƙar ƙasar nan tamu ta tsattsage, har takalmi yana iya faɗawa ciki. Abu ishirin ta cika da ciyawa da laka, ɗan ruwan da ke shigowa kuma na farkon jeri su sha, su sake sha. Da rana tsaka ganyen gyaɗarmu yakan naɗe. Kowace safiya ina zuwa in tsaya in dube shi, ni da jakinmu.

Samad ya kira taro. Abokina, wanda ke aikin kiran fasinja a tashar Managil, ya ce shi zai yi magana a madadina. Mutum ne da zai iya sa wanda ya fito sayen albasa ya tsinci kansa a motar Wad Madani.

"Ya zol, mutumina, bar mini," in ji shi. "Kai dai ka zauna ka yi fuskar maraya."

Na zauna na yi. Shi kuma ya miƙe. Ya faro daga kakanninmu da suka baro Sakkwato a ƙafa. Ya yabi samad, ya yabi mahaifin samad. Ya zo kan marigayi mahaifina har liman ya share ido da gefen rawaninsa. Sannan ya zo kaina, ya ce tun da yake bai taɓa ganin mai haƙurina ba, ba a taɓa jin na yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, ya ƙalubalanci duk wanda ya taɓa ji ya tashi ya faɗa. Babu wanda ya tashi. Sai ya zauna. Kalmar ruwa ba ta fito daga bakinsa ba.

Samad ya ce masha Allah, tun da yaron yana da haƙuri haka, ya ƙara haƙuri zuwa zagaye na gaba. Aka shafa fatiha.

A hanyar gida abokina ya tambaye ni yadda na ga jawabin. Na yi ƙoƙarin faɗa masa. Kalmar ba ta fito ba har muka iso ƙofar gidanmu, kuma gara da ba ta fito ba, don ba kalmar kirki ba ce.

Na tarar da mahaifiyata tana yin kisra, wainar dawar nan tamu mai faɗi kamar takarda. Labari ya riga ni isowa. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kiran sunana, sai dai ta ce "kai wannan". Ba ta ɗaga kai daga kasko ba ta ce ta sha jin ina yi wa jaki magana a bayan gida, kuma ba ta taɓa jin na maƙale masa ba. Ta ce dalili biyu ne: jaki ba ya hanzarta ni, ni kuma na san abin da zan ce masa tun kafin in buɗe baki.

Na dube ta.

"Ban ce dattawa jakuna ba ne," ta ce. "Na ce ka yi musu magana yadda kake yi masa. Abu ɗaya, ka tsaya. Sannan wani."

Ta tambaye ni abu nawa nake son faɗa. Na yi tunani na nuna mata yatsu biyar. Ta miƙa hannu kan faifan da muka ci dabino da shayi, ta tsince ƙwallaye biyar ta zuba mini a tafin hannu. Ta ce kowace ƙwallo magana ɗaya ce. In na gama ɗaya in jefa ta aljihu. Gaisuwa kuma sallama ta isa, wanda yake son sanin lafiyar iyalina ya zo gida ya gani.

Ga maganganun a jere. Ta farko, gyaɗarmu tana mutuwa. Ta biyu, na farkon jeri suna shan ruwa sau biyu kafin mu sha sau ɗaya. Ta uku, a yi gayya a yashe abu ishirin. Ta huɗu, a riƙa faro ban-ruwa daga ƙarshen jeri wani zagayen. Ta biyar, hawashar nan ni ke riƙe da ita, ba baffana ba. Na yi kwanaki ina gwada su a gona a gaban jakin. Ya amince da duka biyar ɗin.

Yanzu mun iso ranar Talata. Ɗan samad ya dawo daga Saudiyya, mahaifinsa ya yanka rago na godiya, sai ya haɗa taron ruwa da walima don kada a tara mutane sau biyu. Nan dole in bayyana abu biyu ga waɗanda ba 'yan nan ba. Mu ba ma cin abinci da sassafe. Shayi kawai muke sha mu tafi gona, sai hantsi ya yi sosai ake cin abin da muke kira fatur. Kafin lokacin, manomin da ya fita tun asuba ba ya gane ɗan'uwansa sosai. Abu na biyu, a ƙauyenmu idan mutum ya miƙe tsaye a taro, ba a katse shi, ba a tashi, ba a buɗe abinci, sai ya zauna da kansa. Samad kaɗai ke da izinin yi masa magana. Dattawa sun ce da wannan al'ada kakanni suka zo daga yamma. Ba ta taɓa cutar da kowa ba, don kowa yana taƙaita magana in ya ji ƙanshi.

Yara su ke magana a ƙarshe, ni ne kuma ƙaramin kowa. Na miƙe, tire ya shigo. Ba sai an buɗe ba, hanci ya faɗa wa kowa abin da ke ciki: soyayyen naman rago da zafinsa, ful, dafaffen waken nan namu, da man riɗi, kisra, miyar kuɓewa.

Na yi sallama. Ta ɗauki lokaci, amma ta fito. Aka amsa da sauri fiye da yadda aka saba.

"Na f-f-farko," na ce.

Sai kalmar gyaɗa ta tsaya a maƙogwarona ta ƙi gaba ta ƙi baya. Gumi ya keto mini. Na dubi samad na yi ƙoƙarin ganin jakinmu a wurinsa, Allah ya yafe mini, amma bai yi aiki sosai ba, don jakinmu ba ya haɗiyar yawu yana kallon tire. Na tuna maganar mahaifiyata. Na tsaya, na numfasa, na sake farowa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Abokina ya ce inuwar rumfar ta matsa. A ƙarshe dai na faɗa: gyaɗarmu tana mutuwa. Na ɗauki ƙwallo ɗaya na jefa aljihu.

Duk idanu suka bi hannuna. Na ji abokina yana raɗa wa na kusa da shi cewa kowace ƙwallo magana ce. Raɗar ta zagaye rumfar.

"Ɗana," in ji samad a hankali, "saura nawa?"

Na buɗe tafin hannuna. Huɗu.

Wani tsoho ya yi salati ƙasa-ƙasa. Cikin wani ya yi ƙugi, kowa ya yi kamar bai ji ba. Kyanwar gidan ta zo ta zauna kusa da tiren, ita kaɗai ce al'adar ba ta hau kanta ba, liman ya kore ta da carbi.

Na shiga ta biyu. Ta fi ta farko tsawo, kuma ta fi ta ɗaci, don zargi ce. A kowane taro, da an taɓo wannan batu na farkon jeri sukan taso da musu, a yi ta rantse-rantse har azahar, a tashi babu komai. Ranar na ga mutumin da ke gonar farko ya buɗe baki yana shirin musu da zarar na zauna. Na kusa da shi ya mintsine shi a cinya. Ya rufe bakin. Kowa ya gane cewa musu zai jawo amsa, amsar kuma daga bakina za ta fito. Na faɗi maganata har ƙarshe, kalma bayan kalma, mutanen da nake nufi suna kallon tabarma. Na jefa ƙwallo ta biyu.

Baffana ya fito gona ranar ko shayi bai sha ba, don ya ji labarin ragon. Mutum ne kuma da duk ƙauye ya san shi da son kitse tun yana da zafi. Na ga ya matsa kusa da samad. Raɗa ya yi niyya, amma muryar gidanmu ba ta iya raɗa ba, kowa ya ji.

"Ka ba shi ruwan."

"Kai ne fa ka ce yaron ba zai iya ba," in ji samad.

"Na ce. Ka ba shi ruwan. Kitsen yana daskarewa."

Samad ya gyara zama ya yanke hukunci. Daga bayan azahar ta ranar kowa ya toshe bakin ruwansa har sai gonarmu ta ƙoshi. Ya tambaya ko akwai mai ja. Babu. Ban taɓa ganin manoman jerinmu sun haɗu a kan magana ɗaya haka ba, kafin ranar ko bayanta.

"To zauna, ɗana, don girman Allah," ya ce mini.

Ban zauna nan take ba. Saura uku a hannuna, ni kuma ba na son barin aiki a tsakiya. Na dubi ƙwallayen, na dubi mutane. Liman ya ce wa samad, da ƙarfi yadda zan ji, ai Allah zai kawo wani taron. Sai na zauna. Ban gama taɓa tabarma ba aka cire murfin.

Ban ci da yawa ba, raina a ɓace yake. Da na koma gida na ce wa mahaifiyata ba don gaskiyata suka ba ni ruwan ba, don yunwa ne. Ta ce in je in tambayi gyaɗar ko za ta ƙi sha saboda haka. Sannan ta ce, "Sun ji biyu. Makon jiya ko ɗaya ba su ji ba." Da la'asar ruwa ya iso gonarmu, cikakke, ba a gajiye ba. Na tsaya ina jin tsagaggiyar ƙasa tana zuƙarsa. Har yau ban ji sautin da ya fi wannan daɗi ba.

Amma ruwan rana ɗaya ba ya raya gyaɗa. Tun da ban samu faɗin magana ta uku ba, sai na fara yin ta. Kowace safiya ina shiga abu ishirin har ƙugu, ina fitar da ciyawa da laka, daga ƙarshenmu ina hawa sama. Mutane suna wucewa suna yi mini sannu da aiki, ina ɗaga musu hannu, wanda ya fi mini sauƙi. Taro na gaba samad ya yi wayo, ya sa shi bayan fatur. Na miƙe na buɗe hannu na ce, "Na uku." Aka yi dariya har da liman. Amma an saurara, cikin kowa a cike, babu tire, babu abin da ya tilasta su. Sun ga lakar da na tara a bakin hanya, sun ga ruwa ya fara gudu har a gonakinsu. Aka sa ranar gayya. Ta huɗu ta sha musu mai zafi a taron da ya biyo baya, sai dai wannan karon sauran na ƙarshen jeri sun tsaya a bayana, suka yi surutun, ni na riƙe jerin maganar. Aka amince.

Gyaɗar ba ta fi ta kowa ba a shekarar, amma ta yi. Ranar da muke cira baffana ya zo, ya tumɓuke guda ya karkaɗe ƙasar, ya daɗe yana dubawa. Sai ya tambayi mahaifiyata ko akwai sauran abinci. Bai sake ambaton Damazin ba har ya bar duniya, Allah ya jiƙansa. Ƙwallo ta biyar ban taɓa jefa ta aljihu ba, don ba a bar mini wanda zan faɗa wa ba. Tana nan cikin gwangwanin da nake ajiye allura da maɓalli.

Bayan shekaru idon tsohon samad ya raunana, aka zauna zaɓen wani. Liman ne ya kawo sunana. Ya ce ba a taɓa kama ni da ƙarya ba, don ƙarya tana son harshe mai sauri, kuma ba na gulma, don babu mai lokacin jira in gama. Abokina ya ce ramuwa ce kawai, sun zaɓe ni don in sha wahalar magana kullum. Na riƙe aikin shekaru masu yawa. Dokokina uku ne: taro bayan fatur, na ƙarshen jeri su fara magana, kowa kuma da ƙwallayen dabino uku a hannu, ba ƙari. Abokina ɗaya nake ba shi, da ita ma yakan kai Sakkwato ya dawo.

Akwai abin da ban sani ba sai daga baya. Matar tsohon samad ce ta faɗa wa matata. Ranar Talatar nan mahaifiyata tana cikin matan da suka je taya girki. Naman ya daɗe da soyuwa, matan suna son fitarwa, ita kuma ta dafe tiren ta ce kisra ba ta isa ba, a ƙara. Tana tsaye tana leƙe ta jikin zana. Da ta ga na miƙe, sai ta ɗauke hannu ta ce a fitar. Na je na tambaye ta, lokacin ta tsufa ƙwarai. Ta ce nama ya nuna ne aka fitar, kuma rufin rumfarta yana yoyo tun bara, in ina da lokacin tambayoyi ina da lokacin gyara shi.

Ba zan ce muku ina gode wa i'ina ba. Har gobe in aka ba ni zaɓi, harshe mai sauƙi zan ɗauka. Har yau nakan maƙale a gaban jikokina, kuma har yau yana yi mini zafi. Amma na san daga ina tsarina ya fito. Wanda kowace kalma take masa tsada ba ya fitar da ita sai ya san inda za ta zauna, kuma abin da bakinsa ya kasa yakan koyi yin sa da hannu. Ga shi yanzu a waya nake rubuta muku, yatsa ba ya i'ina, amma kun ga har nan da na farko da na biyu na zo muku.

Roƙona gare ku ɗaya ne. Idan wani ya tsaya a gabanku magana ta maƙale masa, kada ku ƙarasa masa, kada ku dubi agogo, kada ku turo mai baki ya yi a madadinsa. Ku jira shi har ya zauna da kansa. In kun san ba za ku iya jira da yunwa ba, ku ci abinci kafin ku zo.